Fuskar da Na Kankare

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan babin. Sauran ba su ba ni wahala ba: yadda na bar gida, yadda na koyi tuƙi a Kano, yadda na zo ƙasar nan. Wannan kuwa littafin rubutu biyu na ɓata a kansa, in cika shafi in yage, domin duk lokacin da na sake karantawa sai in ga na sassauta wa kaina a wani wuri. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba haka ya faru ba, in ɗora ƙarya a kan ƙarya. Amma shekaruna sun kai inda mutum ba ya cewa sai baɗi. 'Ya'yana Hauwa, Sani, Lawal, da ku 'ya'yan Yaya Gambo, ku nake rubuta wa. Akwai maganar da na faɗa a gaban Hauwa shekara shida da suka wuce, ta kai muku, kuka riƙe, kuma ba gaskiya ba ce.

Kun san sunana na yanka Usman, kun kuma san dalilin da ya sa ake ce mini Audi a gida: ina ciki mahaifina ya rasu. Maharbi ne a ƙasar Ningi, ɓauna ce ta yi ajalinsa. Inna ba ta son a ɗauko zancensa, da an fara sai ta tashi ta nemi aiki. Yaya Gambo tana da shekara bakwai a lokacin, ita kaɗai ce a cikinmu ta san shi da ido. Ni kuwa na girma ina kallon fuskokin dattawan garinmu ina cewa ko haka yake, ko haka. Hoto babu. Wa ke da hoto a ƙauyenmu a wancan zamani?

A Riyad na yi shekara ashirin da 'yan kai ina tuƙa mutum ɗaya, Abu Nasir, shi ne kafilina, sunansa ne a kan iƙamata, wato takardar izinin zamana. Dattijo ne mai son farauta tun yana saurayi, har gwiwa ta hana shi shiga sahara. Da ƙafa ta ƙi, sai son ya koma bango. Ba bindigogi yake tarawa ba, a'a, tallarsu yake tarawa: tsofaffin allunan kwano da kamfanonin bindiga da harsashi na ƙasashen Turawa suke bai wa masu kanti su rataya, da kalandun da shekarunsu suka wuce tun kafin a haife ni, da kwalayen harsashi babu komai ciki, da gwangwanayen albarushi, da zane-zanen maharba a cikin firam. Ya ware musu majalisi guda, wato falon baƙi, a ƙasan gida. Ka ga Bature cikin ruwa har ƙugu yana jiran agwagi, ka ga kare ya ɗaga ƙafa ɗaya ya miƙe wutsiya, ka ga barewa mai ƙaho kamar reshen itace. Ni nake kai shi kasuwar haraj, wato gwanjonsu na nan, mu yi ta ɗaga tsofaffin kaya cikin ƙura, ni nake ɗauko masa kwalayen da ake aiko masa daga waje. A hankali har na iya bambanta na asali da na jabu: na asali ramukan ƙusarsa sun ci, bayansa ya yi baƙi ba daidai ba, na jabu kuwa tsatsarsa ta yi kyau da yawa, kamar an shafa ta da hannu.

Sai dai raina bai taɓa kwanciya da ɗakin nan ba. Tun ina yaro na ji cewa mala'ikun rahama ba sa shiga inda ke da hoto ko kare, to ga ɗaki cike da hotuna, kuma a cikin hotunan ga karnuka. Ranar Alhamis nake share musu ƙura. Na koyi yin aikin ina kallon gefen firam da ƙusa, ba na barin idona ya sauka a kan fuska, ta mutum ko ta dabba. In na fito sai in sake alwala, ko da na san ba ta karye ba. Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne, kayan ba nawa ba ne, kuma ba a nan nake salla ba.

A shekarar da nake son ba ku labarinta, wani kwali ya zo daga waje, tarkacen wani tsohon Bature da ya mutu, magadansa suka sayar a dunƙule. Muna buɗewa da hantsi, Abu Nasir ya zaro wani allo, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, samansa tsatsa ta cinye har sunan kamfanin ya tafi. Ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya yi dariya.

"Ya Usman, ta'al, zo ka ga ɗan'uwanka! Wallahi mutumin ƙasarku ne."

Na matso, na kalli gefen allon kamar yadda na saba. Da wutsiyar ido na ga baƙin mutum a tsaye, da kare, da wasu tsuntsaye.

"Masha Allah, ya Ammi," na ce, don haka nake kiransa, wato baffana.

"Ka duba mana! Kamar an tsaga kara da kai. Halas, shi ke nan, wannan naka ne. Shekara ashirin kana goge Turawa, yau ga naka."

Na yi godiya kamar yadda ya kamata, na rungume allon fuskarsa tana kallon cikina, na kai ɗakina da ke jikin ƙofar gida. A nan damuwa ta fara. Yanzu nawa ne, kuma ɗakin nan nake kwana, nan nake nafila, nan Alƙur'anina yake. In mayar masa, na raina kyautar mutumin da ya riƙe ni kamar ƙani. In jefar, wata rana zai ce ina ɗan'uwanka. Na jingina shi bayan akwatina, fuska ga bango. Na tambayi limamin masallacin unguwarmu, ya ce tunda ba rataye shi na yi ba, in juya shi ko in rufe shi da ƙyalle, in daina wahalar da kaina. Ina so ku riƙe wannan: malamin ya ba ni sauƙi, ni ne ban karɓa ba. Wata bakwai allon nan yana bayan akwati, wata bakwai ina jin sa a bayana in na ta da kabbara. Sai in manta raka'a ta nawa nake. Aka bugo aka ce mahaifiyar su Hauwa ba lafiya, na ce ko shi ne. Na goga mota a jikin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ko shi ne.

Ranar wata Juma'a na je unguwar Batha aika saƙo gida, na tsaya shagon Malam Buhari tela, inda mutanenmu suke haɗuwa shan shayi. Na ba shi labari. Bai ko ɗago daga kan keke ba.

"Kai dai Audi da tsoro, ko inuwarka sai ka nemi fatawa a kanta. Ai abin mai sauƙi ne. Hoto kai ne. Cire kan, ya zama kamar kututture. Ba ka ga 'ya'yan makarantar nan suna jan layi a wuyan ɗan tsuntsu a littafi ba?"

"To in ja layi kawai?"

"Layi? Layi ai sarƙa ka sa masa. Goge fuskar ka huta, ka bar mu mu sha shayi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba na ɗora masa laifi, shi magana ya yi ya wuce, hannuna ne ya yi aikin. Da na dawo bayan la'asar na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya da 'yar wuƙa, na fito da allon tsakar ɗaki. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: kafin in juya shi, sai da na cire tabarau na sa a aljihu. Ina tsoron in na ga fuskar za ta riƙa zo mini a salla. Ba tabarau kuwa komai dishi-dishi nake gani. Na laluba inda kan mutumin yake na fara gogawa. Fentin ya yi taurin kai, sai da na haɗa da bakin wuƙa. Garinsa ya zubo mini a cinya, ruwan ƙasa-ƙasa. Na gama da shi na koma kan kare, sannan tsuntsayen, zabi guda uku, ɗaya bayan ɗaya, don kada in bar ƙofa. Da na mayar da tabarau sai na ga farin kwano yana ƙyalli a wuri biyar. Na share garin na zuba a shara. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Sallar magariba ta ranar ban yi rafkanuwa ko ɗaya ba.

Bayan wata uku Yaya Gambo ta zo Umara. Da ta gama, Hauwa, wadda ke aikin jinya a nan, ta sa aka sako ta a mota zuwa Riyad. Muka tarbe ta a tashar Aziziya, ta sauka a gidan Hauwa a unguwar Shifa. Ta tsufa, amma bakin nan nata yana nan. Kwana biyu da zuwanta ta ce sai ta ga inda nake kwana.

"Shekara ashirin kana cewa lafiya lau, lafiya lau. Bari in ga lafiya lau ɗin da idona."

Na nemi izini na kawo su da safe, ita da Hauwa. Tana shiga ta fara faɗa: wannan bargo yaushe rabonsa da ruwa, wannan kofi ne ko kasko, Audi har yanzu ba ka iya ninke riga ba. Ta ja akwatina za ta share bayansa, allon ya faɗi ya yi ƙara, fuskarsa sama. Ta sunkuya za ta ɗaga, sai ta tsaya a haka. Na zaci bayanta ne ya riƙe. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ja shi kan cinyarta.

"Hauwa, kunna fitila. Buɗe ƙofar nan."

"Gwaggo, lafiya?"

Idonta yana kan allon. Ta ɗora yatsa a hannun hagun mutumin, wanda ya riƙe bakin bindiga. A ranar na fara kallon allon nan da gaske. Yatsu uku ne a hannun. Ta gangara da yatsanta zuwa burgamin da ke rataye a kafaɗarsa, jakar fatar nan ta maharba, inda mai zanen ya sa wani ɗan abu ja a jikin igiya.

"Munduwata ce," in ji ta. "Ta yi mini kaɗan, na yi ta kuka, ya ce kawo in ɗaura a nan, duk dajin da na shiga kin shiga. Waɗannan yatsun, bindigar toka ce ta fashe masa. Ga karensa Kyalle, ga farin ƙirjinsa. Audi, Baba ne. Baba ne wannan."

Ta ba mu labarin da Inna ba ta taɓa ba ni ba. Wai akwai Baturen da Baba yake yi wa jagora a daji, shi ya tsayar da shi a bayan gari ya ba shi bindiga mai baki biyu ya riƙe, ya ɗauke shi hoto, yara suna leƙe. Bayan rasuwarsa wani fatake ya dawo daga Jos ya ce ya ga Tanko maharbi, wato Baba, rataye a kantin Turawa, an yi shi da launi. Inna ta ce kada wanda ya sake faɗa mata, ta ce sun ɗauki kurwarsa sun rataye, shi ya sa ɓauna ta same shi. Daga nan zancen ya mutu.

Yaya tana magana tana shafa wurin da ya yi fari. Sannan ta ɗago.

"Ina fuskar? Wa ya yi wannan?"

Ga Hauwa a tsaye tana kallona. Ga saman allon da tsatsa ta ci da gaske. Bakina ya riga ni.

"Haka ya zo, Yaya. Tsatsa ce, ko wani can a ƙasarsu."

"Tsatsa ba ta zaɓen kai ta bar wuya. Hannu ne. Shekara sittin da wani abu ina roƙon Allah ya nuna mini shi ko a mafarki, fuskar ta gudu daga kaina, sai muryarsa ta rage. Ga shi ya biyo ka har ƙasar Larabawa, ɗan da bai gani ba, wani ya tare shi a hanya. Wanda ya yi wannan, Allah ya isa tsakanina da shi."

Hauwa ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, kin fito daga Ɗakin Allah."

"Shi ya sa na faɗa yanzu."

Na tashi na ce bari in kawo musu ruwa, alhali ga ruwa a ɗakin. Na tsaya a jikin mota a rana har sai da ƙarfe ya ƙona mini hannu. Kwana tara ta ƙara a Riyad. Kullum in na je Shifa sai in shirya maganar a hanya, daga fitilar kan titi zuwa fitila ina maimaitawa, in na shiga na gan ta da carbi sai in tambaye ta ƙafa. Ta so ta tafi da allon, sannan ta fasa, ta ce ni ne ban san shi ba, ni ya zo wa. A filin jirgi ta riƙe hannuna ta ce in ci abinci, na rame. Na ce in ta isa zan kira ta mu yi wata magana. Na kira sau da yawa, muka yi maganar ruwan sama da ta jikoki. Ba ta kai azumi na biyu ba Allah ya yi mata rasuwa.

Mutum ɗaya na gaya wa gaskiya, shi ne Abu Nasir, domin shi kaɗai na sani da ya kalli fuskar. Na kai masa allon majalisi bayan tafiyar Yaya. Na zaci zai yi faɗa, ya ce na lalata abin da ba a samun irinsa. Sai kawai ya sa hannu ya shafa wurin.

"Na ce maka ka duba, ya Usman."

"Ka ce, ya Ammi. Don Allah gaya mini yadda yake."

Ya rufe ido yana nema. Ya ce ya tsufa, hotuna sun yi masa yawa a kai, ba zai iya rantsuwa a kan hanci ko ido ba. Sannan ya nuna bangon da hannu.

"Duk waɗannan, ka gan su, kowa dabba yake kallo, kowa ya ɗaure fuska. Shi kuwa mai ɗaukar hoton yake kallo, yana dariya, kamar an ba shi bindigar da ya san ba tasa ba ce. Akwai 'yar ƙofa a haƙoransa na gaba. Abin da na riƙe ke nan."

Hauwa, ke kaɗai ce mai wushirya a cikin 'ya'yana. In kin lura ina yawan ba ki dariya a 'yan shekarun nan ina kuma kallon bakinki, to dalilin ke nan.

Abu Nasir ya ce irin waɗannan alluna ba guda ɗaya ake bugawa ba, da yawa ake yi a raba wa kantuna, don haka wani yana nan a wani wuri. Daga launin harsashin da ke ƙasan allon ya yi hasashen kamfanin, ya ce ya daɗe da rufewa. Ɗansa Nasir ya bincika a waya a wuraren masu gwanjon irin kayan, ya samo 'yan'uwansa: wani da mutumin Indiya da damisa, wani da Balarabe da shaho. Namu bai fito ba. Kafin Abu Nasir ya rasu ya rubuta wa masu sayar masa, ba wanda ya taɓa gani. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka kwashe majalisin suka sayar, suka bar ni da ɗakina da 'yan aike-aike saboda amanar mahaifinsu.

Ni kuwa, mutumin da ba ya iya kallon kan zabuwa, na zama mai bin haraj duk Juma'a da la'asar. Masu tsofaffin kaya sun san ni, da sun hango ni sai su ce ga mai harsashi. Ina ɗaga kowane allo, ina buɗe kowace kalanda wata-wata, ina kallon kowace fuska sosai. Wasu na saya ba don ina so ba, sai don mai kayan ya ci gaba da ajiye mini. Su ne a akwatin da ke ɗakin ajiyar Hauwa, wanda kuke tsokanata da shi kuna cewa Baba ya gaji haukan Balarabensa. Har yau ban rataya ko ɗaya ba, kuma har yau ina sake alwala in na taɓa su. Ban canja ra'ayi a kan hoto ba, ban kuma isa in yi wa kowa fatawa ba. Abin da na sani shi ne an ba ni sauƙi na ƙi, na je na nemo tsanani da kaina, na kuma cire tabarau don kada tausayi ya hana ni.

To kun ji. Ba tsatsa ba ce, ba wani Bature ba ne, ni ne. Allah ya isan da mahaifiyarku ta yi, ku 'ya'yan Yaya, a kaina ta sauka ina zaune kusa da ita, kuma na bar ta ta tafi ba ta sani ba. Ban san ko yafewarku za ta isar mata ba, na tambayi malamai biyu sun ba ni amsa biyu. Duk da haka ina roƙonku.

Sauran roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa ne, musamman mutanen Jos, da Kano, da Zariya, da Bauchi, waɗanda kakanninsu suka yi aiki a kantunan Turawa ko suka gaji tsofaffin shaguna. Ku duba bayan ƙofa, da rumbu, da inda aka toshe ɓular rufi ko aka rufe akurkin kaji, don na ji ana yin haka da irinsu. Allon kwano ne, kamu ɗaya da rabi a tsaye. Ƙasansa kore, da jan harsashi guda biyu a kusurwar dama. Baƙin mutum ne a tsaye da warki da 'yar shara, bindiga mai baki biyu a hannun hagu mai yatsu uku, burgami a kafaɗa da ɗan abu ja a igiyarsa, kare mai farin ƙirji a gefensa, zabi uku a ƙasa, bayansa dutse da itacen kuka. Wataƙila kuma an buga shi a kalanda. Ko ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko rabi ne ya rage, in dai kan yana nan. Wanda ya gani, ko ya tuna inda ya taɓa gani, ya aiko da saƙo ta hannun duk wani mai zuwa Riyad, a kai wa telolinmu na Batha a ce na Audi direba ne, zai iso ni.

Ba sai an sayar mini ba, ba sai an aiko ba ma. A ɗauka a waya ya isa. Sau ɗaya nake so in kalle shi, da tabarau a idona.